Furar Sabon Gero a Ƙofar Majami'a

Duk wanda ya ci kasuwar Jega a shekarun da garin ke ƙarƙashin Jihar Sakkwato ya san Gudiya mai daddawa. Doguwa ce, baƙa, mai tsage a kumatu, tana shimfiɗa tabarmarta can gefen masu kayan miya, nesa kaɗan da sauran mata. Ba ita ta fara nisantar ba. Amma da suka janye tabarminsu taki ɗaya, sai ta janye tata taki biyu, don kada a ce ita ke neman kusanci. Daddawarta ba ta da tsakuwa, bakinta kuma ba shi da linzami. Ana saye ana yi mata habaici, tana miƙa kaya tana ramawa.

An haife ta a wata tunga bayan Kuberi, ta wajen Maiyama, cikin mutanen da ba su karɓi salla ba, waɗanda 'yan gari ke kira Arna. Ubanta Ɗanbaba shi ke riƙe da tsamiyar tsafin tungar. Idan gero ya nuna, ba mai sa sabon hatsi a baki sai an dama fura da shi, Ɗanbaba ya zuba ta farko a gindin itacen, mata na waƙa suna kiɗan ƙwarya. Tun tana budurwa Gudiya ke ba da waƙar, saboda muryarta tana kaiwa har fadama.

Ta auri Ayuba mai haƙar rijiya, mutum mai sanyin hali wanda sai ya yini bai yi magana goma ba. Suna da 'ya ɗaya, Saratu, lokacin da ciwon ido ya kama shi har ya daina ganin bakin rijiya. Aka kai shi asibitin mishan, ya yi wata huɗu, ya dawo da idonsa garau da wani littafi a aljihu. Da kaka ta zo ya ƙi durƙusawa a gindin tsamiya. Ɗanbaba ya tara dattawa ya yanke cewa wanda ba zai durƙusa ba, ba zai sha ruwan tungar ba, ko da yake Ayuban ne ya haƙa rijiyar da hannunsa. Sannan ya kira 'yarsa ya ce ta zaɓa, ko ubanta ko mijinta.

A lokacin Gudiya ba ta san komai a cikin littafin Ayuba ba. Abin da ta sani shi ne ba ta son a sa mata wuƙa a wuya. Ta goya Saratu, ta ɗora tukunyar dafa kalwa a ka, ita da Ayuba suka kama hanyar Jega da ƙafa. Shekara guda ke nan da raɗa wa jihar suna Sakkwato.

Majami'ar Jega a lokacin ɗaki ɗaya ce ta laka da rufin kwano, a bayan gari. Masu zuwa ba su fi gida goma sha biyu ba: 'yan sanda, malaman firamare, tsofaffin soja 'yan Zuru, da wasu masu shago daga kudu. Wani tsohon mai bishara ne ke riƙe da su. Shi ya koya wa Gudiya addu'a, shi ya yi mata baftisma a gulbi, kuma ta ba da gaskiya da irin taurin da take yin komai. Ba ta fashin Lahadi, ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya.

Abu ɗaya ne ya ba ta haushi a shekarar farko. Ranar godiyar kaka ta ga an kawo dammunan gero an jingine, an karanta aya, an watse, kamar an zo zaman makoki. Ta ce wannan ba godiya ba ce, rowa ce. Da shekara ta zagayo sai ta dama furar sabon gero a babbar ƙwarya, ta tsaya a ƙofar majami'a ta zuba ludayi ɗaya a ƙasa, sannan ta ɗaga waƙar da take yi a tunga. Karin yana nan yadda yake, sai dai ta cire sunan iskan tsamiya ta sa sunan Yesu. Matan Zuru suka ɗauki amshi nan take, don su ma suna da irinta a gida. Wani malamin firamare ya kai ƙorafi, tsohon mai bishara ya ce masa ƙwarya ba ta da addini, a duba wanda ake kira da ita. Haka aka yi ta yi har shekara bakwai.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidan Ayuba da na Malam Junaidu, mai makarantar allo a unguwar. Da farko faɗansu na warin kalwa ne. Malam ya ce warin yana hana shi karatu, Gudiya ta aika masa cewa miyar da yake sha ma da wannan warin aka yi ta, don matarsa Safara'u ta kan katanga take karɓar daddawa. Malam bai manta wannan amsa ba.

Wata shekara ya je Sakkwato ya dawo da sabon zance. Bayan la'asar ya zauna a dandalin unguwa ya shaida wa jama'a abin da ya ji daga masana: wai ranar da Kirista ke bikin haihuwar Annabi Isa, asalinta ranar bikin masu bautar rana ce a ƙasar Rum, itacen da suke ƙawatawa kuma gadon kakannin Turawa ne masu tsafi a daji. Ya ce addinin nan tsohon tsafi ne aka sa wa sabuwar riga, kuma ba sai an je Turai neman shaida ba, ga ɗiyar Ɗanbaba nan tana zuba wa ƙasa fura a ƙofar ɗakin ibadarsu. Gudiya tana tsakar gida tana tsince kalwa, ta ji komai ta kan katanga. Daga ranar Safara'u ta daina leƙowa. A rijiyar unguwa kuma mata suka ware mata guga, suka ce kada nata ya taɓa nasu.

Ana cikin haka tsohon mai bishara ya koma gida, aka turo Fasto Jibrin, saurayi da bai daɗe da gama makarantar Littafi ba. Ya iso gab da Kirsimeti, ya sa aka saro reshen dogon yaro aka kafa kusa da bagade, teburin ibada na gaban majami'a, aka manna masa auduga da takardu masu launi, ya ce haka ake yi a manyan majami'u. Ba a daɗe ba maganar Malam Junaidu ta kai kunnensa, ta kuwa soke shi, don shi ma kakansa mai tsafi ne, kuma bai son a tuna masa. Ya ƙudura sai ya wanke majami'ar daga duk abin da za a nuna da yatsa.

Da damina ta ja baya ya je gidan Ayuba. Ya gaishe da Gudiya da ladabi, ya kira ta Inna, ya ce bana ba fura, ba ƙwarya, ba waccan waƙa. Ta tambaye shi ko ya ji sunan wani a waƙar ban da na Yesu. Ya ce ba sunan ba ne, tushen ne. Ta ci gaba da tankaɗe. Ayuba ya raka shi ƙofa yana ba shi haƙuri.

Ranar godiya ta zo da ƙwaryarta a ka. Fasto Jibrin na tsaye a ƙofa. Ta sauke, ta cika ludayi, kafin ta karkata shi ya sa ƙafa ya ture ƙwaryar. Fura ta malale har ƙarƙashin bencin farko. Gudiya ta dubi furar, ta dube shi.

"Fasto, reshen da ka kahwa muna da Kirsimeti, a wace aya anka rubuta shi?"

Ya ce wannan ado ne kawai.

"To tsahin kakannin Turawa an yi mishi baftisma ya zama ado, na ubana ne ba shi shiga ruwa? Ni na baro tsamiya da ƙafata, na baro ubana yana kuka. Kai mi ka baro?"

Abin da ya fi ƙona Fasto Jibrin shi ne da makamin Malam Junaidu ta sare shi, kuma a gaban jama'arsa. A ranar dattawan majami'a suka zauna aka sa ta ƙarƙashin horo: za ta zauna a bencin baya, ba waƙa, ba cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa don tunawa da Yesu, sai ta tashi gaban kowa ta ce ta tuba daga bautar gumaka. Ta ce ba ta tuba daga abin da ba ta yi ba. Ayuba ya roƙe ta, ya ce kalma ce guda, ta faɗa a huta. Ta ce masa in ta faɗa ta yi ƙarya a ɗakin Allah, wannan kuwa shi ne zunubin. Kowace Lahadi ita ke fara zuwa, ta zauna a baya ta harɗe hannu, ta kafa wa Fasto ido har a tashi. Da Malam Junaidu ya ji labari sai ya ce ai ga shi nan, su da kansu sun tabbatar da maganarsa.

Shekara biyu ana haka, rijiya ta rufta da Ayuba a wata gonar albasa a fadamar Aliero. Manoman wurin suka yini suna tono kafin su fito da shi. Fasto Jibrin ya yi jana'iza yadda ta kamata, har ya yi hawaye, don yana son Ayuba. Amma da aka watse, Gudiya ta koma ta ɗauko tulun da mijinta ke shan ruwa a ciki ta kife a kan kabarin, yadda mutanenta ke yi wa magidanci don a san wanda ke kwance. Fasto ya ji, ya je da kansa ya fasa tulun. Ta sayi wani ta kife. Ya fasa. A na uku ta same shi a wurin yana riƙe da sanda, ta ce masa in ya gama da tulun ya tona ƙasa ya fasa mai shi. Bai fasa na ukun ba, amma ya hana matan majami'a shiga gidanta, har masu zuwa yi mata ta'aziyya.

Da ta fita takaba ta shiga mota zuwa Maiyama, ta ƙarasa tunga da ƙafa, karo na farko cikin shekara goma. Ɗanbaba ya daɗe da mutuwa, ba wanda ya aiko mata. Tungar duk ta karɓi salla, an sare tsamiya, an yi masallaci kusa da wurin. Ƙanenta Labbo ya karɓe ta a zaure, bai ce ta shiga ciki ba. Ya sa aka kawo mata ruwa a wani tsohon gwangwani, ya roƙe ta kada ta ta da zancen ubansu a gaban mutane, don da ƙyar 'ya'yansa suka samu aka daina kiransu jikokin matsafi. Ta ajiye ruwan ba ta sha ba, ta juya a ranar.

Ta ƙara shekara uku a Jega tana dafa kalwa, ba ta shiri da kowa. Da ƙafafunta suka kumbura, Saratu, wadda ke aure a Aliero, ta zo ta ɗauke ta. Ciwo ya yi tsanani a farkon damina, sai Saratu ta aika wa Fasto Jibrin ba da sanin uwar ba. Ya zo da hantsi a kan babur, da gurasa da ƙoƙon Jibi a jaka. Ya rame, ya yi sanyi, ba kamar da ba. Ya zauna a bakin gado ya ce ba sai gaban jama'a ba, ta faɗa masa shi kaɗai cewa ta tuba, ya ɗage horon ya ba ta ta ci.

Gudiya ta daɗe tana kallon ƙoƙon. Shekara biyar ke nan rabonta da shi, kuma tana son sa.

"In naka ne, mai da shi jaka," in ji ta. "In na Yesu ne, shi ya san inda nike."

Fasto Jibrin bai ba ta ba, bai kuma tashi ba, har rana ta take. Daga baya ya yi addu'a a taƙaice, ba ta ce amin ba, ya fita. Ta rasu bayan kwana tara, watanni kaɗan kafin a yanke Jihar Kebbi. Shi ne ya zo ya binne ta a Aliero. Mutum bakwai ne a bakin kabarin, huɗu daga ciki maƙwabtan Saratu ne manoman albasa da suka taya tono.