Iyo a Kan Tsohon Garinmu

Kaka ta biyu bayan ruwan madatsar Tiga ya tashe mu daga garinmu, aka kayar da ni a fagen kokawa a garin Ƙofa. Shekarata ashirin da uku, kuma tun da na fara ɗaura ɗamara ba wanda ya taɓa kai ni ƙasa a yankinmu. Wanda ya kayar da ni wani siririn mutum ne daga Doguwa. Bai fi ni ƙarfi ba. Zillewa kawai ya dinga yi har na fara haki, sannan ya taɗe ni. Garin in tsaya, gwiwata ta dama ta murɗe.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana cikin 'yan kallo. Tsohon soja ne, shi ke ba kurata atisaye a bariki kafin ya bar aiki, shi ya sa kowa ke kiransa Kofur. A hanyar komawa gida, ina ɗingishi, ya ce, "Ƙarfi kam kana da shi. Numfashi ne babu. In kana son ka rama, ka zo wurina, amma abin da na ce shi za ka yi."

A bayan gidansa ya share fili. Ya cika gwangwanaye biyu da siminti ya soka musu ƙarfe a tsakiya, ya rataye igiya a reshen ɗorawa, ya ɗinka buhunan yashi. Yau ɗaga ƙarfe, gobe hawan igiya, jibi tsalle. Ya hana ni kama kowa da kokawa. Sauran samari suka riƙa leƙowa suna dariya, wai Kofur zai mai da ni soja. Abu ɗaya ya gagara, gudu. Da na yi 'yar tafiya sai gwiwar ta kumbura.

Wata safiya ya daɗe yana danna kumburin da yatsa, sannan ya ce, "Ruwa za ka shiga. A ruwa ƙirji zai yi aiki, gwiwa ta huta."

Mu manoma ne, ban taɓa shiga ruwan da ya wuce ƙuguna ba. Da mahaifina ya ji, ya ajiye carbinsa ya ce wa Kawu, "Ruwan da ya cinye gonata, shi za ka kai masa ɗana?"

"Yaya, ina tare da shi. Ba abin da zai same shi, in Allah ya yarda."

Baba ya tashi ya shiga ɗaki.

Kawu ya nemi wani dattijon masunci mai kwalekwale, mutumin da aka haifa a bakin ruwa. Shi ya koya mini iyo, da farko ina rungume da gora, daga baya aka karɓe goran. Mako shida muna haka. Na fara jin canji: in na hau igiya na sauko, ba na yin haki kamar da.

Saura kwana goma a yi kokawar Tudun Wada, inda aka ce mutumin Doguwa zai zo, Kawu ya ce zai gwada ni. Muka shiga kwalekwale da hantsi, masuncin na tuƙi, har muka yi nisa da gaɓa. Can na hango kan wata busasshiyar tsamiya ya leƙo daga ruwa. Na gane ta. Tsamiyar ƙofar masallacinmu ce. Ke nan a ƙarƙashinmu gidajenmu suke.

"Daga nan zuwa can," in ji Kawu. "Ba gora."

Masuncin ya dubi sama ya ce, "Kofur, iska na tasowa. Kuma akwai itatuwa a ƙasa, raga ta sha maƙalewa a wurin nan. A bari sai gobe."

"Gobe ma iska za ta taso. Shiga."

Na yi bisimilla na faɗa. Rabin farko lafiya lau. Ina jin muryar Kawu a bayana yana ƙirga bugun hannu. Sai ruwan ya fara marina a fuska. Na buɗe baki in shaƙi iska, na haɗiyi ruwa. Ina tari, sai tsokar ƙafata ta hagu ta ɗaure tamau kamar an sa mata igiya. Na yi ƙasa. Wani abu ya taɓa tafin ƙafata, reshe ne ko katanga ban sani ba, na taso a firgice ina bugun ruwa.

"Kawu! Ƙafata!"

"Kwanta da baya!" ya daka mini tsawa. "Saki jikinka! Kwanta da baya!"

Na ga masuncin ya miƙo filafili, na kuma ga Kawu ya riƙe masa hannu. Wannan ban manta da shi ba har yau. Na sake nutsewa. Da na taso na juya rigingine kamar yadda ya ce, na sami iska sau ɗaya, sau biyu. Amma iskar ta riga ta tura kwalekwalen gefe, sun yi mini nisa. Igiyar ruwa ta sake rufe ni, kuma wannan karon hannuwana suka ƙi ɗaguwa.

Masuncin ne ya faɗo da rigarsa. Ya cafke ni ta baya a haɓa, ya ja ni har jikin tsamiyar. Na rungume reshe ina amayar da ruwa. Kawu ya sha wahala kafin ya kawo kwalekwalen, don bai iya tuƙi ba. Da suka jawo ni ciki, dattijon ya ce masa, yana ɗigar da ruwa, "Nan ba bariki ba ne. In ka sake riƙe mini hannu a kan ruwa, kai zan bari a ciki."

Kawu ya kama ƙafata yana murza ta.

Kafin mu isa gida labari ya riga mu. Muka tarar da Baba a tsaye a ƙofar gida. Kawu ya cire takalmi ya durƙusa. "Yaya, na yi kuskure. An gargaɗe ni ban ji ba."

Baba ya dube ni. Sannan ya ce wa Kawu, "Ruwa dai an gama. Kokawar kuma shi ya sani."

Ranar kasuwar Tudun Wada, bayan la'asar, aka buɗe fage. Makaɗa suka saki ganga, mutumin Doguwa ya fito yana murmushi. Ni kuwa har lokacin ina fushi da Kawu, ko inda yake ban duba ba. Muka kama. Ya fara zille-zillensa, yana jira in gaji. Na bi shi a hankali. Ya kai hannu ga gwiwata mai ciwo har sau biyu, na janye da ƙyar, zafin ya harba har ƙuguna. 'Yan kallo suka fara ihu a raba mu, an daɗe. Sai na ji numfashinsa a kunnena, yana fita da sauri da sauri. Nawa kuwa lafiya. Na matse shi a ƙirji, na ɗaga shi, amma da na juya in yar da shi gwiwar ta ƙi ɗaukar nauyinmu. Muka zube tare.

Gardama ta kaure. Mutanenmu suka ce bayansa ne ya fara taɓa ƙasa, mutanensa suka ce hannuna ne. Dattawan fage suka yi shawara suka ce babu kaye. Ban ji daɗi ba, amma shi ne ya daɗe a zaune kafin ya iya miƙewa.

Muna shirin tafiya sai ga mutumin Doguwa ya zo, ya gaida Kawu da ladabi. Ya ce ya ji labarin atisayen da ake yi mini, har da na ruwa, yana so a karɓe shi.

"Ƙarfe da igiya, ka zo," in ji Kawu. "Ruwa kuwa, sai dai ka je wurin masunta. Ni ban isa ba."

Ya zo kuwa bayan sati biyu, da tabarmarsa a kafaɗa. Wata uku ya yi a ɗakina, kuma tare muka riƙa ɗaga gwangwanayen simintin har damina ta faɗi kowa ya koma gona.