Sista Sabuwa da Hoton Hanjin Sumayya

Kafin ƙarfe bakwai na safe Sista Sabuwa takan riga kowa isa ɗakin da ake leƙa cikin hanji da na'ura. Ita ke wanke doguwar robar nan mai fitila a baki, sannan ta fito ta zauna da masu jiran layi, waɗanda maganin wanke ciki ya galabaitar, tana ba su dariya. Shekara ashirin da shida tana haka. Watan jiya ta yi ritaya, ta dawo gida Gumel.

Bara na san ta, da aka tura mu babban asibiti daga Gagarawa saboda ciwon cikin 'yata Sumayya, mai shekara tara. Da aka gama leƙa cikinta, likita ya miƙo mini hoton hanjinta, ya wuce wurin wani. Na duba, sai ga wasu ƙananan ƙuraje fari-fari birjik, kamar an watsa gero a faifai. Ciwon dajin hanji ne ajalin yayana. Take na buga wa uwarta waya, na ce a sanar da dangi.

Sista ta same ni a baranda ina share hawaye da hula.

"Baban Sumayya, wa ya rasu?"

Na nuna mata hoton. Ta ce in taɓa ƙarƙashin haɓata.

"In yaro na mura, ba ka jin kaluluwa a nan? To 'yan'uwanta ne waɗannan. Duba, girmansu ɗaya, sumul, babu gyambo. Masu gadin hanji ne, kuma yara sun fi mu su. An ɗan tsinci kaɗan za a gwada, amma ka mayar da hularka tukuna."

Ta je ta dawo da likitan, ya faɗi abin da ta faɗa. Wani direba ɗan Maigatari da ke gefena ya ce haka take, ba ta barin mutum ya fita da hoton da bai gane ba.

Murna ta sa na manta ban sake waya gida ba. Muka tarar da tsakar gida cike da 'yan jaje, Sumayya ta shige su tana shan rake. Kakarta ta ce, "Ilu, wannan ce muke wa kuka?"

Bayan sati biyu sakamako ya fito, lafiya lau. Ciwon cikin ma magani ya kore shi.

Ke ce mai sanyaya zuciyar iyaye, Sista. Allah Ya saka miki da alheri. Ku kuma da kuka gaje ta, in kun miƙa wa uba hoto, ku tsaya ku karanta masa.