Layin Yaya a Zanen Inna

Duk telan da ya taɓa yi mana ɗinkin Sallah a Maradun ya san halin Inna. In ya kawo riga bai haɗo da ragowar yadin ba, sai ya koma. Akwai wanda ya taɓa share namu ya zuba a bola, ta sa shi ya tona. Yana tonawa tana tsaye a kansa tana yi masa sannu da aiki.

Ƙyallayen nan wani zane take ɗinka su a kai, wanda ta fara tun kafin in yi wayo. Farin alawayyo ne mai kauri, ta raba shi layi huɗu daga sama zuwa ƙasa, kowane ɗa da nasa: Yaya, ni, ƙanwata, sai autarmu. Kowace ƙaramar Sallah takan yanki ƙyallen kayan kowa, faɗin yatsu uku, ta ɗinka a ƙarƙashin na bara. Kuma ba ƙyalle kaɗai ba. Shekarar da ƙanwata ta haihu, 'yan duwatsun wuya ta jera a kan nata. Da na sami aikin koyarwa a Bakura, murfin biro ta huda ta ɗinka mini, wai shi ne garkena. Gidanmu gidan fawa ne da fataucin shanu, ni kaɗai na fanɗare na kama alli, kuma ba a taɓa barina na manta ba. Layin Yaya ya fi na kowa kaya, da guntun fata, da igiya, har da gashin wutsiyar bijimin farko da ya saya da guminsa.

Zanen ya yi nauyi, ba ya ɗauruwa, ba ya wankuwa. Na sha gaya mata wannan ba zane ba ne, bola ce mai tsari. Sai ta ce, "To, bolag ga ta san shekarunka, kai ba ka sani ba."

Layin autarmu ƙyalle shida ne kacal. Ƙyanda ta ɗauke ta, daga nan har ƙasa fari ne fat. A gidanmu ba sai an yi wa kowa bayanin abin da farin wuri yake nufi a zanen ba.

Wata Litinin Yaya ya fita zuwa wajen Janbako, zai taho da bijimai biyu ya kai kasuwar Talata Mafara washegari. An tsinci babur ɗinsa a gefen hanya, shi ba a gan shi ba. Kowa ya san aikin mutanen daji ne. Muka zauna jiran waya kamar yadda kowa yake yi, wayar ba ta zo ba. Waɗanda aka sako daga baya na bi su ƙauye-ƙauye da hotonsa, babu wanda ya ce ya gan shi a raye, babu wanda ya ce ya ga gawarsa.

Da azumin shekarar ya raba, na zo hutu na tarar Inna ta sayar da tunkiyarta ta sayo shadda, ta aika wa telan da yake da awon Yaya. Raina ya ɓaci, na shiga ɗakinta ko sallamar kirki ban yi ba.

Na ce, "Inna, wa za shi sa ta?"

"Mai ita."

"Mai ita shina ina?"

Ta dube ni ta ce, "In na bar wurinai hwari, to ni da hannuna nik kashe shi. Ba ni yi."

Na ce to ta yanka daga tsohuwar rigarsa mana, ga su nan a rataye. Ta ce ƙarya nake so ta ɗinka ke nan. Ƙyallen shekara sai ya fito daga rigar shekara, haka ta fara, kuma ba ni zan koya mata ba. Aka kawo riga, ta ninke ta sa a akwati da kafur, ta ɗinka ƙyallen a layinsa.

Haka aka yi Sallah uku. A tsakani matar Yaya ta gaji da jira, iyayenta suka zo daga Dakko suka tafi da ita da yaran. Gonarmu ta gagari zuwa. Kawu ya kawo shawarar a tara mutane a yi wa Yaya addu'a a yi sadaka, Inna ta ce a tara, amma a nemi wani gidan. Bayan tunkiya akuya ta tafi, bayan akuya kwanonin jerenta. Idonta ma ya fara bari, sai na zura mata zare a allura, ɗinkin yana fitowa a karkace.

Gaskiya na tsani zanen nan a lokacin. Kuma akwai abin da nake jin kunyar faɗa: na yi kishi. Ni da nake zirga-zirga tsakanin Bakura da Maradun da 'yar masarar da za ta ci, yadin talakawa nake sawa, wanda ba ya nan kuwa shadda. In na tuna a kan wa nake wannan ƙorafin sai in ji na raina kaina.

Shekara ta huɗu abin ya kai maƙura. Inna ba ta da sauran abin sayarwa, ni ma yarana kawai na iya yi wa ɗinki. Muna shan ruwa ranar ashirin da wani abu ga azumi na ce mata bana tsohuwar rigata zan wanke in goge. Wallahi hira kawai nake yi, ban kawo komai a raina ba. Sai na ga ta ajiye ludayin kunu. A nan na gane abin da na faɗa, wato bana wurina ma fari zai zauna.

Da safe ina shirin fita ta kira ni, na tarar ta buɗe akwati, rigar farko da aka ɗinka wa Yaya tana kan cinyarta.

Ta ce, "Ya ɗara ka tsawo. Kai ta wurin tela shi rage maka, ka amso min abin da anka yanke."

Na ce, "Inna, a raba ƙyallen biyu mana, ki sa mai rabi."

"Kai za ka sa ta, taka ta."

"To, nashi hwa?"

Ta ce, "Tahi, rana tana yi."

Na sa rigar na je Idi. Kafaɗunta sun yi mini faɗi, ƙamshin kafur bai sake ta ba, mutane suna ta cewa malam ya sha shadda, ni kuwa ji nake kamar in tuɓe ta a wurin. Da na dawo na zura wa Inna zare. Ta laluba da yatsa har ta sami layina, ta ɗinka ƙyallen, ta ɗinka na ƙanwata, ta ciji zaren, ta soke allurar a ɗankwalinta. Na tsaya ina jira ko za ta yi wata dabara a layin Yaya, ko da maɓalli ne, ko guntun igiya. Ta naɗe zanen.

Sannan ta tura mini akwatin ta ce in tafi da shi Bakura. Akwai sauran riguna biyu a ciki, ta baɗi da ta baɗin baɗaɗa.