Littattafan Rana da Na Saki a Kogin Kwara

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Malam Bello, wanda ya koyar da kimiyya a wata sakandare a Bagudo. Har ya koma ga Allah mutanenmu na Illo ba su daina ce masa "mai leƙen rana" ba, don kullum yana tsakar gida da baƙin gilashin masu walda, kai a sama.

Abu guda ya tsaya masa a rai. Ya ce rana takan yi aman wuta, ta watso wani gajimare mai tsananin zafi wanda maganaɗisu ya naɗe, amma a cikinsa akan sami curin da bai kai sauran zafi ba, ya yi tafiyar kwanaki har kusa da duniyarmu da sanyinsa. Na ce ban gane ba. Sai ya nuna mini wata Bafulatanar ƙauyen Sharabi da ƙwarya a ka, tun hantsi rana ke dukanta amma nonon da ke cikin ƙwaryar bai yi ɗumi ba. Me ya kare sanyin? Shekaru ya kwashe yana cika littattafai da lissafi kan wannan tambaya.

Bayan sadakar bakwai muka buɗe akwatinsa, muka tarar da littattafan. Da'irori, kibiyoyi, baƙaƙen da ba boko ba, ba ajami ba. Kawunmu ya duba, ya ja da baya.

"Wanga ba karatu na ba, hatimi na. Kada shi kwana gidan ga."

A wurinmu rubutun da ake tsoro ba a kai shi juji, ruwa mai gudu ake ba. Na san gaskiya, tunda ni ya yi wa bayani, amma na ji tsoron a ce ina kare tsubbu. Na ɗaure littattafan da dutse, na shiga kwalekwale, na sake su a tsakiyar Kogin Kwara. An ce rashin sani ya fi dare duhu. Ni da sanina na yi.

Yau kowa na kallon hoton aman rana a wayarsa, har waɗanda suka yi masa dariya. Da yana raye ban san ko murna zai yi ko takaici ba.

'Yarsa Hadiza tana karanta kimiyya a jami'a. Da babbar sallar bana ta durƙusa gabana.

"Baffa, ina littattafan Baba? Ina son in ɗora daga inda yat tsaya."

Na ce gara ta cinye. Tun ranar kunya ta hana ni haɗa ido da ita.

Bello bai bar gona ba, bai bar suna ba. Tambayarsa ce ta rage, ga ta kuma a bakin 'yarsa. Hadiza, ba gara ba ce. Baffanki ne, da hannunsa. Ki yafe mini, ki fara daga farko.