Zakaran da Ya Koma Gida

Shekarar da na fara kiwon kaji a Rikoto, abu na farko da na saya bayan 'yan tsakin shi ne wata faffaɗar roba baƙa. Na ajiye ta a ƙofar gida, na zuba mata ruwa da wani magani mai warin asibiti. Duk wanda zai shigo sai ya tsoma takalmansa a ciki. A makarantar aikin gona aka koya mana haka: ciwon kaji a tafin ƙafa yake tafiya, in kuwa ya shiga ɗaki, kafin mako ya zagayo sai dai ka haƙa rami. Kaji ɗari huɗu gare ni, masu ƙwai, kuma rabona na gonar mahaifinmu na sayar na kafa su. Don haka ban ɗauki robar nan da wasa ba.

Abokaina sun ɗauke ta da wasa, da farko. Mu shida ne, tun muna sakandare muke zama gindin wani mangwaro kusa da mai gyaran babur, ran Lahadi da yamma kuma mu zaga gidajen juna. Da suka zo ganin kajin, ɗaya ya tsoma ƙafa ya ce a ba shi sabulu da soso ya ƙarasa wankan. Wani ya tambaya ko kajin ne za su fito su gaishe mu, ko mu ne za mu shiga mu durƙusa. Daga ranar suka raɗa mini angon kaji. Na yi dariya tare da su, amma ban bar kowa ya wuce bakin waya ba.

Kaza ba ta san Lahadi ba. Da sassafe abinci, ƙwai a kwashe sau uku a wuni, ruwa kuwa in ya yanke sa'a guda cikin zafi, sai ka ga sakamakon a kiret ɗin ƙwai har kwana huɗu. Ni kaɗai nake yi, don ban yarda da hannun kowa ba. Na fara zuwa gindin mangwaro a makare, daga baya na koma ɗaga hannu daga kan babur. Zagayen Lahadi ne ya fi ba ni wahala, domin a garinmu babu gidan da ba kaza. Ka shiga gaisuwa, ka taka kashinsu, ka kwaso wa naka. Wani ɗan Ibo da nake sayen abincin kaji da magani a kantinsa ya taɓa ce mini, “Oga, kaji ba ya son baƙo. Kai ma kada ka shiga gida-gida.” Maganar ta zauna mini, don dama abin da nake son ji ke nan. Biki uku na aika da kiret ɗin ƙwai a madadina, gaisuwar mutuwa biyu na yi su daga waje.

Mutum huɗu daga cikin abokan nan sun gaji sun ƙyale ni, ban kuma ji zafin haka sosai ba. Na biyar ɗin ne bai ƙyale ni ba, shi kuwa ya wuce aboki. Ina aji huɗu a firamare mahaifiyata ta rasu, mahaifina soja ne, yana can inda aka tura shi. Uwar abokin nan nawa ce ta ɗauke ni zuwa Mahuta, na yi shekara uku a ɗakinta. Mama muke ce mata dukanmu. Dawa take nomawa a gefen dutse, ta rabo mana tuwo a kwano guda, in mun yi laifi ta zane mu da tsumagiya guda. A gidan nan ban taɓa yin sallama ba. Akwai wani tsohon turmi a kife a bakin madafa, a kansa nake zama, ko bayan na yi gemu, in miƙa hannu cikin tukunya ta buge hannun da muciya. In ban da gidan nan, ba ni da inda zan shiga a duniya ba tare da an tambaye ni me ya kawo ni ba.

Lokacin da abokina ya yi aure, na je coci na sa hannu a matsayin shaida, na tafi kafin a raba abinci. Da matarsa ta haifi ɗansu na fari, aka sa suna a Mahuta, sai ya zo da kansa har bakin robar. Ya ce, “Wanga karon ba ƙwai muka so ba. Mama ta ce kai taka son gani.”

Na je. Bayan kaka ne, daidai lokacin da kajin ƙauye ke zubewa. Na cika wa nawa mazubin ruwa har baki, na lissafa cewa za su kai la'asar, na sa wasu tsofaffin takalma da na yi niyyar yarwa a hanyar dawowa. Ina shiga gidan, kafin in ga jariri, kafin in ga Mama, idona ya sauka kan wata kaza a gindin rumbu, ta saki fukafukai tana gyangyaɗi da rana tsaka. Na san wannan gyangyaɗin. Daga nan duk gaisuwar da na yi, rabin hankalina yana gindin rumbu.

Mama ta fito daga madafa da gumi, ta kama fuskata da hannu biyu ta juya ta dama da hagu.

“Ɗana, ka rame. Kai ka cin kajin ko su ka cin ka?”

Ta tura mini turmin da ƙafa. Na zauna, na ci, na ɗauki yaro, na gaisa da surukan abokina da suka zo daga Sakaba. Sa'a biyu na yi, ina duban inuwa. Da na miƙe zan tafi, ta ce in dakata. Ta zaga bayan ɗaki, aka ji kururuwar kaji, sai ga ta da wani jan zakara, ƙato, zankonsa har ya kwanta gefe. Ta yago ƙyalle daga bakin tsohon zanen da take aiki da shi, shuɗi mai zanen ganye, ta ɗaure masa ƙafafu, ta miƙo mini a gaban kowa.

“Amshi. Tun shina ɗan tsako na ce naka na. Shekara guda ina tsaron shi, ba ka zo ba.”

A wurinmu zakara mai rai ba kowa ake ba wa ba. Suruki ake ba wa, ko ɗan da ya daɗe bai zo gida ba, kuma ba a mayar da shi. Na durƙusa na karɓa da hannu biyu, na yi godiya yadda ya kamata. Matan Sakaba suka yi guɗa. Na rataye shi a kan babur na fito, ina jin ɗuminsa a gwiwata, ina tuna cewa kwano ɗaya yake sha da kazar gindin rumbu.

Daga baya na zauna na lissafa hanyoyin da nake da su. Da na roƙa an yanka shi a nan an fige. Da na gaya wa Mama gaskiya, ta zage ni son ranta, ya wuce. Da na kai shi Zuru na ba wa wani a bakin kasuwa. Ko ɗaya bai zo mini ba a lokacin. Abin da ke kaina shi ne la'asar ta kusa, ruwa ya kusa ƙarewa, kuma ga ciwo a rataye a gwiwata, gashinsa na goge mini wando. Ina wuce rafin da ke bayan gari na tsaya, na duba gaba da baya ba kowa, na kwance ƙullin, na sake shi cikin karan dawa. Ƙyallen ya kwance daga ƙafa ɗaya, ya zauna a ɗayar. Na gani, ban tsaya cirewa ba. Na wanke hannu a rafin, na yar da takalman, na ciro wasu da na zo da su a leda na sa, na kama hanya.

Shekara biyu na yi ina karatun kaji, da jarrabawa da komai. Duk yaron da ke Mahuta ya san abin da na manta ranar: zakaran gida ya san hanyar gida. Tun baƙi ba su watse ba ya shigo ta ƙofa yana jan shuɗin ƙyalle, ya hau kan turmin ya yi cara. Surukan suna zaune. An ce wata daga cikinsu ta yi dariya, ta ce ashe zakaran ya fi son tuwon Mahuta. An ce Mama ta ci gaba da kwashe tuwo.

Ni ban san an yi haka ba. Na iso na tarar da sauran ruwa a mazubi, ƙwai lafiya, na yi wanka da ruwan magani na ji daɗin dabarata.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, na ji babur ya tsaya. Abokina ne, riƙe da kular abinci. Ya tsaya taku uku kafin robar. Na ce ya tsoma ya shigo.

“A'a. Takalmana da ƙasar Mahuta.”

Ya ɗora kular a kan katanga. An ɗaure murfinta da shuɗin ƙyalle mai zanen ganye, an wanke shi tas. Ina ganinsa na gane shi.

“Mama ta ce in kawo ma. Ta ce wanga ba shi da ƙahwa, ba shi komowa. Ta ce ta dahe shi sosai, in da ciwo ya mutu cikin tukunya.”

Bai ɗaga murya ba, bai ɓata fuska ba. Ya tambaye ni ya aiki, na ce da godiya. Ya tayar da babur ya tafi makarantar da yake koyarwa. Na shiga da kular, na buɗe. Zakaran ne gaba ɗaya, har da ƙundu da hanta, waɗanda tun muna yara take ware mini. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, amma na ci, don ban san me kuma zan yi da shi ba. Ya yi daɗi.

Ba a mayar da kwano fanko. Ran Asabar na jera ƙwai a kular, na ƙara kiret biyu, na tafi Mahuta da jawabin ban haƙuri da na tsara tun daga Rikoto. Tun daga nesa ta ji ƙarar babur ɗina. Kafin in kafe shi, na hango ta da tsintsiya tana kora kaji bayan gida, ta ja kara ta tare. Ta share tsakar gidan sarai, ta yayyafa ruwa. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da farar kujerar roba, wadda ake fitar wa fasto da jami'in gona, ta goge ta da gefen zane, ta ajiye a inuwa. Turmin yana bakin madafa, an ɗora masa kwando.

Na fara jawabina. Ta ɗaga hannu.

“Ba komi. Sana'a ta. Mu ne ba mu sani ba, yanzu mun sani. Zamna.”

Na zauna a kujerar. Ta kawo mini ruwa a kofin gilashi, a kan faranti. Ta yi godiyar ƙwai, ta sa mini albarka, ta ba ni ƙullin gyaɗa da zan tafi.

Shekara shida ke nan. Kajin sun kai dubu biyu, na sayi fili a bayan gari, na sa famfon da ke ba su ruwa da kansa, har ina iya wuni a waje. Abokina yana nan, muna gaisawa, ɗansa yana ce mini baba. Ina zuwa Mahuta duk wata, fiye da yadda nake zuwa a da. Ba ta taɓa ɓata mini rai ba. Duk zuwan da zan yi, kafin in kashe babur an kore kaji, an share gida, kujera tana inuwa. Sau ɗaya na gwada nufar turmin, ta ce kada in ɓata wandona, akwai toka.

Takan zauna a tabarma daga gefe, ta tambaye ni hanya, ta tambaye ni rana, sannan ta ce, “Ina kaji?”

Nakan ce lafiya lau. Gaskiya ce kuwa. A shekarar zakaran nan kajin Mahuta sun zube, na Rikoto sun zube, nawa ko ɗaya ba ta mutu ba.