Ruwan Toka a Gaban Sufeto

Shekarar da soja suka shiga korar ma'aikata ta rediyo, ina aji huɗu a sakandare a Sakkwato. Mutum na cikin shan koko sai ya ji an sallame shi. Malaminmu na kimiyyar sinadarai Kirista ne daga wajen Jos, yana haya a Gawon Nama da mata da 'ya'ya huɗu. An riga an ba shi takardar gargaɗi ɗaya, wai yana yi mana bayani da Hausa. Kowa ya san ta biyu ita ce sallama.

A makon nan ya sa muka kwaso kaya daga gida: gishiri, zuma, kanwa, man shanu. Ya ce mu raba su biyu. Oganik dangin abin da ke fitowa daga mai rai, inoganik dangin ƙasa da dutse. Ya ce wannan somin-taɓi ne, akwai saura. Ni kuwa, uban 'yan sani, wa zai tsaya jiran saura?

Kwatsam sai ga sufeto daga ma'aikatar ilimi. Ajin ya yi tsit. Ya zagaya teburin, ya ɗaga kwalbar da na kawo, ruwan tokar da Inna ke tacewa don miyar kuka.

"Mai wannan ya tashi. Wane ɓangare?"

"Oganik, ranka shi daɗe."

"Ka tabbata?"

Na ga allin hannun Malaminmu ya karye. Da ma na yi shiru! Ina! Na ce da karan gero Inna ke yinta, ni na ƙona karan da hannuna, gero kuwa ai mai rai ne. Har da ɗaga murya, wallahi.

Sufeto ya ce wuta ta riga ta cinye oganik ɗin da ke cikin kara, abin da ya rage a toka dangin kanwa ne. Ya juya. "Malam, haka ka koya musu?"

"Yallaɓai, daga inda na tsaya ya ɗora. Ni ne ban kai su nan ba."

Sufeto ya daɗe yana rubutu.

Bayan mako uku aka turo wani malami. Ranar Asabar aka aike ni Gawon Nama, na hango ana ɗora katifu a akori-kura, Malaminmu da aka sallama na riƙe da igiya. Ya ɗago kai. Kunya ta kama ni, na faɗa wani lungu na raɓe, ban fito ba sai da motar ta tashi. Har yau ban ba shi haƙuri ba.