Hoton da Ya Ƙaryata Yaya Sanusi

Wallahi ina gama karanta wani bayani a waya sai da na miƙe tsaye, wayar ma ta kusa suɓuce min! Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Sanusi, sai yanzu na gane abin da ya yi ta faɗa muna yi masa dariya.

Ga wanda bai san shi ba, Yaya Sanusi ɗan wasan tanis ne a nan Dutse, tun ana ganin wasan kamar na marasa aikin yi. Daga masallacin asuba yake wucewa fili, raket ɗinsa na buga ƙwallon a kafaɗa. Ana saura wata biyu a tafi gasa sai wuyan hannunsa na dama ya fara ciwo, ta gefen ƙaramin yatsa. Ko murɗa makulli zai yi sai ya cije leɓe.

Aka yi masa hoton ƙashi a asibiti, ya fito fes. Kocinsu ya ɗaga hoton a rana ya ce, "Kai Sanusi, ga ƙashinka nan garau. Faɗi gaskiya, tsoron 'yan Kano kake ji." Aka cire sunansa daga masu zuwa gasar. Baba ya kai shi wajen wani mai ɗori a bayan Taura, shi kuma ya ce targaɗe ne, ya ja hannun, ya ɗaure da karare. Sau uku ana haka. A gidanmu na Takur muka sa masa suna Mai Hannun Ƙwai. Ni na fi kowa kiransa da shi. Sai dai ya kalle ni ya ce, "Auta, ai hoto ba ya jin zafi."

Ni ba likita ba ne, karance-karance kawai nake a waya. Amma ku ji abin da na gano. Ashe hoton ƙashi, ƙashi ya fi nunawa. Jijiya da guringuntsin da ke wuyan hannu sai an shiga na'urar MRI ake ganinsu. Wani abin mamaki kuma, manyan 'yan wasan nan da muke gani a talabijin, akwai wanda za a duba a ga hannun ya sha wuya alhali ba ya jin komai, akwai kuma mai kuka da ciwo, a duba a ga ɗan abu kaɗan. Shi ya sa likitocinsu ke fara sauraron mutum kafin takarda. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Da yana raye na kai masa wannan labari da gudu, na san ba zai yi tsalle ba. Ya gaji tun kafin ya tafi. Ya rataye raket, ya koma kiwon kaji, har zazzaɓin da ya zama ajalinsa. Ƙila da sai ya ce min, "To, yanzu ka yarda?" Ihu bayan hari.

Har gobe ban san me ke cikin hannun nan ba, kuma babu na'urar da za ta nuna min yanzu. Abin da ya rage min shi ne mutumin bai taɓa yi mana ƙarya ba, amma muka gaskata takarda muka bar shi. Allah ya jiƙanka, Yaya, ka yafe min.

Jama'a, a gidanku akwai wanda ya ce yana ciwo aka ce raki ne? In yana raye, ku fara zuwa ku ji ta bakinsa, sannan ku rubuto min.